Haɓon da Ba na Hunturu Ba: Dalilin Toshe Jijiya Kafin Tiyatar Hanci

Wasiƙar wannan makon daga unguwar Gobarau ta fito, cikin birnin Katsina. Wani magidanci ne ya rubuto, ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce, na ɗan taƙaita:

"Likita, ɗana ne mai shekara 16. Yau kusan shekara guda ke nan yana haɓo, kullum ta hancin hagu. Da fari mun ɗauka hunturu ne, sai ga shi hunturu ya wuce, bazara ta wuce, har cikin damina jini bai daina ba. Yanzu hancin ya toshe, da baki yake numfashi, in yana barci ana jin minsharinsa har zaure. Maganin mura kam mun saya har mun gaji. Da muka je asibiti aka yi masa hoto, aka ce wani tsiro ne can bayan hanci, ba kansa ba ne, amma sai an yi tiyata. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, sun ce kafin tiyatar sai an bi ta cinyarsa an toshe jijiyar da ke kai jini wurin, kuma ba a nan garin za a yi ba. Ina cinya ina hanci? In aka toshe jijiya, fuskar ba za ta mutu ba? Kawunsa ya ce hanyar cin kuɗi ce kawai, a kai shi wurin wanzami ya cire. Ni kuma na yi tunanin in sayar da 'yar gonata a fara yin toshiyar, mu dawo gida, in na haɗa kuɗin tiyatar bayan kaka sai mu koma. Me ka gani?"

Malam, Allah ya ba yaro lafiya, ya ba ku ikon jinya. Shawara biyu ke gabanka, ta kawu da taka, kuma duka biyun ina roƙonka ka ajiye su. Ta kawu ba ta da wuyar kayarwa. Taka ce ta fi tayar mini da hankali, don kuwa ta yi kama da dabara ta mai hankali, irin wadda kowane uba mai lissafi zai yi, alhali ita ce za ta cinye gonar ba tare da yaron ya amfana da komai ba. Amma bari mu fara daga ciwon kansa.

Likitan da ya ga hoton shi ke da magana ta ƙarshe, sai dai abin da ka zayyano ya dace da ƙarin da likitoci ke kira anjiyofaiburoma. Hanci ba wannan ɗan tudun da ke kan fuska ba ne kaɗai. Kogo ne da ya miƙe ciki kamar tsawon ɗan yatsa, har ya haɗu da maƙogwaro a saman beli. A can ƙurya, a jikin bangon gefe, akwai wata 'yar kafa a ƙashi wadda jijiyar jini ke bi ta shigo hanci. A bakin wannan kafa ƙarin ke tsirowa. Kusan duk masu shi yara maza ne da samari, daga shekara 10 zuwa 25, galibi a tsakiyar balaga, lokacin da murya ke buɗewa, kuma ana danganta hakan da sinadarin mazantaka da ke ƙaruwa a jiki a waɗannan shekarun. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba sammu ba ne, ba wani abin da yaron ya ci ko ya shaƙa ne ya jawo shi ba. Ba shi da yawa: cikin ƙararrakin da ke fitowa a kai da wuya bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Shi ya sa ma'aikacin lafiya zai iya yin shekaru bai ci karo da shi ba, sai a yi ta rubuta maganin mura wata da watanni.

Da aka ce maka ba kansa ba ne, gaskiya aka faɗa maka, ka gode wa Allah. Ba ya bin jini ya je ya yi 'ya'ya a huhu ko hanta. Amma kada wannan ya sa ka raina shi. Kai da ke zaune a tsohon gari ka san abin da saiwar bishiya ke yi wa katangar ƙasa. Ba duka take kai mata ba, lallaɓawa take yi ta bi kowace tsaga, a hankali har katangar ta buɗe. Haka ƙarin nan yake yi wa ƙasusuwan fuska. In ya cika bayan hanci sai ya danne bututun da ke haɗa maƙogwaro da kunne, ji ya ragu. In ya bi gefe ya shiga bayan muƙamuƙin sama, kumatu ya kumbura. In ya hau sama ya turo ido waje, ko ya ci ƙashin da ƙwaƙwalwa ke zaune a kai. Kowane wata da aka ƙara, aikin cire shi na ƙara wuya.

To, batun wanzami. Ba na raina sana'ar, kowa ya san matsayinsu a garuruwanmu. Amma wannan naman ba irin naman da aka saba ba ne. Jijiyar jini ta lafiya tana da tsoka a jikinta. In an yanke ta sai ta tsuke bakinta kamar an ja zariya, jini ya samu damar daskarewa. Ƙarin nan kuwa dunƙulen jijiyoyi ne birjik, kuma yawancinsu ba su da wannan tsokar. In aka yanka, bakinsu a buɗe yake zama. Ga shi wurin yana can ciki inda yatsa ba ya kaiwa balle a danne, jinin kuma ba waje kaɗai yake fita ba, yana gangarawa maƙogwaro, yana iya shaƙe yaro. Saboda haka ne ko mu a asibiti, da muka saba yankar ɗan nama a kai ɗakin gwaji kafin mu ba ƙari suna, wannan ba ma yi masa haka a ɗakin duba marasa lafiya. Da hoto ake gane shi, siti-sikan wanda aka yi da allurar rini, da em-ar-ai. Duk wanda ya leƙa hancin yaron nan ya ga jan nama ya ce bari ya ɗan tsinko, ko wanzami ne, ko mai kemis, ko mai farar riga, ka riƙe hannunsa.

Yanzu ka yi wannan lissafin tare da ni. Saurayi mai nauyin kilo 50, jinin jikinsa gaba ɗaya bai wuce lita 4 ba. Ledar jini guda da ake ɗiba daga mai bayarwa ba ta cika rabin lita ba. A tiyatar babban ƙari irin wannan, in ba a rage jinin da ke shigarsa ba, ana iya zubar da lita ɗaya, biyu, wani lokaci fiye. Ga shi yaron naka ya kusa shekara yana haɓo, da ma jinin nasa ba cikakke ba ne. Wannan dalili ɗaya ke nan. Na biyun mutane ba su cika tunaninsa ba: gani. Mai yasar rijiya in ruwa na ɓuɓɓugowa fiye da yadda ake kwashewa, laluben duhu yake yi. Likitan tiyata yana aiki ne a wani ɗan lungu, ido a sama, jijiyoyin ƙwaƙwalwa a kusa. In jini ya cika wurin, ko dai ya taɓa abin da bai kamata ba, ko ya tsaya kafin ya gama. Ɗan guntun saiwa da aka bari kuwa shi ne ƙarin da zai dawo baɗi. Toshe jijiyar kafin aiki yana rage zubar jinin ƙwarai, sau da yawa da rabi ko fiye, ya bar wa likita fili ya ga inda ƙarin ya ƙare.

Ina cinya ina hanci? Tambaya ce mai kyau. Jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya duk reshen bishiya guda ne. Wanda ya shiga ta reshe ɗaya zai iya komawa gindi ya hau wani reshen. An zaɓi ta cinya, daidai inda cinya ta haɗu da mara, don tana da faɗi, tana kusa da fata, kuma akwai ƙashi a bayanta, in an gama sai a danne ta a kai jini ya tsaya. Abin ba sabo ba ne. A 1927 wani likita ɗan Fotugal, Egas Moniz, ya fara zuba rini a jijiya yana ɗaukar hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A 1953 wani likitan hoto ɗan Suwidin, Sven Seldinger, ya fito da dabarar zura siririn bututu cikin jijiya da allura da waya kawai, ba tare da an yanka ba. A 1972 aka buga rahoton farko daga Amurka na toshe jijiyar wannan ƙarin kafin tiyata. Wato aikin ya haura shekara 50 ana yinsa, ba gwaji za a yi a kan ɗanka ba.

Ka sa yatsa a gefen wuyanka, za ka ji wata jijiya na bugawa. Daidai ƙarƙashin muƙamuƙi takan rabu biyu. Reshe ɗaya ya shige cikin kai, ya shayar da ƙwaƙwalwa da ido. Ɗayan ya zauna waje, ya shayar da fuska, harshe, haƙora da hanci. Sa'ar da aka yi, ƙarin nan yawancin abincinsa daga reshen waje yake samu, ta wata jijiya da ke ratsa bayan muƙamuƙin sama. Ita ake nema.

Ranar aikin yaron zai kwana bai ci ba. Za a riga an duba ƙodarsa, don ita ke fitar da rinin, an duba yawan jininsa da yadda yake daskarewa, an kuma tambaye ku ko wani magani ya taɓa yi masa borin jini. Za a sa shi barci, ko a kashe wurin kawai a ba shi abin kwantar da hankali, gwargwadon yadda likitocin suka tsara. Sai a zura bututu mai kaurin tsinken tsintsiya ta cinya, ana kallonsa a allo yana hawa har wuya. A nan za a fesa rini a ɗauki hoto. Wanda ya taɓa hawa hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin mita 15, ya san yadda lungunan da ke rikita mutum a ƙasa ke bayyana sarai daga sama: ga wanda ya ɓulle, ga wanda ya mutu a ƙofar wani gida. Haka wannan hoton yake yi wa likita. Ƙarin yakan fito baƙi ƙirin kamar hadari, a ga kowace jijiya da ke ciyar da shi. Ana duba ɓangaren dama da na hagu duka, domin babban ƙari yakan sha daga gefe biyu. Daga nan a zura wani bututun da ya fi na farko siranta ta cikinsa, har bakin ƙarin, a riƙa sakin wasu ƙwayoyi ƙanana, yawanci ba su kai rabin milimita ba, jini ya kwashe su ya cusa cikin ƙananan jijiyoyin ƙarin har su cushe. Wasu wuraren da wani ruwa mai daskarewa suke amfani, wasu su ƙara da 'yar murɗaɗɗiyar waya. A sake fesa rini. In hadarin ya washe, an gama. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Ba ɗinki, sai ɗan filasta a cinya, da kwanciya a miƙe ba lanƙwasa ƙafar na wasu awoyi.

Fuskar ba za ta mutu ba, kuma dalilin da ya sa ba za ta mutu ba shi ne dai dalilin da ya rushe shawararka ta komawa gida. Ka saurare ni da kyau a nan.

In ana biki ko suna a unguwarku aka kafa rumfa aka tare lungu, gidajen da ke bayan rumfar ba sa rasa mai zuwa. Mai babur zai ja da baya ya bi ta wani lungun, mai tallan ruwa ya zagaya, kafin la'asar kowa ya san sabuwar hanya. Fuskar ɗan Adam haka Allah ya yi ta, jijiyoyinta a sarƙe suke, dama na taimakon hagu, sama na taimakon ƙasa. In an tare guda, fata da haƙora da ganda suna samun jini ta wasu. To, shi ma ƙarin ɗan unguwar ne. Kwana ɗaya, kwana biyu, yana cikin yunwa, ya yi laushi, ya ɗan motse. Bayan 'yan kwanaki sai ƙananan hanyoyin da ba a lura da su ba su fara buɗewa, wasu daga cikin waɗanda aka toshe su sake ɓullewa. Saboda haka ne ake yin tiyatar cikin awa 24 zuwa 48 bayan toshiyar, in an ja a kai kwana uku. Toshiyar ba magani ba ce mai zaman kanta. Rabin farko ne na aiki guda.

Ka ga in ka sayar da gona aka toshe yau, kuka dawo Katsina jiran kaka, lokacin da za ku koma ƙarin ya sake cika da jini. Kuɗin ya tafi. Abin da ya fi haka muni, sababbin hanyoyin da zai nema suna iya fitowa daga reshen nan na ciki, mai shayar da ƙwaƙwalwa da ido, wanda ba a cika yarda a fesa masa ƙwayoyi ba saboda haɗarinsa. Wato za a koma a tarar da ƙari mai wuyar toshewa fiye da na farko. Na fi son ka jinkirta duka biyun na 'yan makonni, yaron na ƙarƙashin kulawar likita, har kuɗin ya haɗu, da a yi ɗaya a bar ɗaya.

Don haka kafin ka biya ko kwabo, ka zauna da likitan kunne da hanci da maƙogwaro da zai yi tiyatar, ka nemi ya ba ka rana biyu a jere, ta toshiya da ta tiyata. Ka tambaya ko a asibiti guda za a yi su. In ba guda ba ne, to wa zai ɗauko yaron, da wace mota, kuma likitocin biyu sun yi magana da juna? Kada ka yarda a toshe a wani gari sannan ku hau motar haya ku yini a hanya da fatan za a samu gado a wani garin. Ka tambayi abin da zai faru in aka ɗaga tiyatar bayan an toshe, saboda wuta, ko rashin jini, ko yajin aiki. Mun san ƙasarmu. Ka nemi a rubuta maka lissafin komai a takarda, har da kwanan ɗakin kulawa ta musamman in ta kama. Uban da ya yi waɗannan tambayoyi ba rashin kunya ya yi ba, likitan kirki daɗi zai ji.

Ba zan ɓoye maka haɗarin ba. Abin da aka fi gani mai sauƙi ne: ciwon fuska ko kai, ɗan zazzaɓi, muƙamuƙi ya yi tauri, wurin allurar ya yi tabon taruwar jini. Waɗannan suna wucewa. Wanda ake tsoro, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba a hannun gwani, shi ne ƙwayar ta ɓace hanya ta bi wata 'yar mahaɗa zuwa jijiyar ido ko ta ƙwaƙwalwa, ta jawo makanta ko shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa ake tsayawa a karanta hoton nan da kyau kafin a saki ko ƙwaya ɗaya, shi ya sa kuma ya halatta ka tambayi mai aikin sau nawa ya taɓa yin irinsa a kai da wuya. Bayan an fito, wanda ke jinya ya sa ido. In yaron ya ce ganinsa ya dushe, ko harshensa ya yi nauyi, ko hannu ya saki, ko cinyar ta kumbura, ko ƙafar ta yi sanyi ta yi fari, a kira ma'aikata nan take, kada a ce bari gari ya waye.

Kawu yana da 'yar gaskiya a wuri guda: ba kowane ƙari irin wannan ne sai an toshe ba. Ƙaramin da bai fita daga hanci ba, akwai ƙwararrun da ke cire shi kai tsaye. Akwai ma masu ganin cewa in ƙari ya motse da yawa, bakinsa na iya ɓuya cikin ƙashi a bar saura, shi ya sa suke goge ƙashin wurin da ya tsiro bayan sun cire shi. Sannan a ƙasar nan injin da ake wannan aiki da likitocin da suka ƙware a kansa kaɗan ne, sun fi yawa a Legas da Abuja. Inda babu, likitocinmu ba naɗe hannu suke yi ba. Sukan buɗe wuya a lokacin tiyatar su ɗaure ko su matse reshen nan na waje, mai sa barci ya saukar da bugun jini da gangan, a tanadi jini isasshe. An ceci yara da dama ta haka. Sai dai ɗauri na dindindin yana rufe ƙofar da za a bi in ƙarin ya dawo ana son toshewa, kuma jinin da ake zubarwa ya fi yawa. A ra'ayina, in ƙarin babba ne kuma akwai halin zuwa inda ake toshewa, a je. In babu hali, to tiyata a hannun wanda ya saba, da jini a ajiye, ta fi zama a gida nesa ba kusa ba. Wanda zai auna maka wannan shi ne likitan hancin da ke riƙe da hoton. Daga Katsina hanyar a bayyane take: Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke cikin gari, daga nan in ta kama a tura ku Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko Asibitin Kunne na Ƙasa da ke Kaduna. Ku tafi da takardar turawa da faifan hoton kansa, ba rahoton da aka buga a takarda kaɗai ba, don kada a sa ku sake biyan wani. Ka kuma leƙa ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ka binciki ko inshorar lafiya ta tarayya ko ta jiha za ta ɗauke maka wani ɓangare.

Kafin ranar ta zo akwai aikin da ke wuyanku. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun yanzu ka tara 'yan'uwa da abokai masu lafiya, waɗanda suka kai shekara 18, a gwada jininsu, a san su wa za su bayar. Kawu ma a nan ne zai yi amfani. A nemi likita ya rubuta wa yaron maganin ƙarin jini, a haɗa masa da hanta, wake, zogale da alayyafo. In kansa na ciwo a ba shi farasitamol. Asfirin, ibufurofen, dikilofenak da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki na 'yan talla duk suna hana jini tsayawa, a nisanta shi da su. Ya bar ƙwallo da dambe da fyace hanci da ƙarfi tukuna.

In haɓon ya zo, ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, ya matse tattausan ɓangaren hancin da yatsu biyu minti 10 zuwa 15 ba saki, yana numfashi da baki, yana tofar da abin da ya gangaro. Ɗaga kai sama da muka gada kuskure ne, jinin ciki yake komawa, sai ya yi amai, ku kuma ku ɗauka ya tsaya. Kada a cusa tsumma, ganye ko garin magani. Amma ka sani, da yake jinin nasa daga can baya yake fitowa, matsewar ba lallai ta tsayar da shi ba. In ya wuce minti 20, ko ya fara jiri, ko ya yi fari fat, a nufi asibiti, kuma kalmar farko da za ka faɗa a bakin ƙofa ita ce yana da ƙari mai jini a bayan hanci, ga hotonsa. Hoton nan ya zauna a jaka guda kusa da ƙofa.

Tiyatar kanta, tun daga shekarun 1990 an fi yin ta ta ƙofar hanci da siririn madubi mai kyamara, ba tabo a fuska. Babban ƙari yakan sa a bi ta ƙarƙashin leɓen sama, ko gefen hanci, ko ganda. Bayan an cire za a kai naman ɗakin gwaji a tabbatar da sunansa. Daga nan sai zuwa asibiti a kai a kai da sake hoto, don in zai dawo ya fi dawowa cikin shekara biyun farko, kuma hoto na ganinsa kafin haɓo ya sanar. Gashi da haske ana ajiye shi ne don wanda ya shige inda wuƙa ba ta kaiwa. Za ka ji wani ya ce ai in yaro ya girma ƙarin na bajewa da kansa. An ga hakan a wasu bayan sun haura shekara 20, amma ɗanka 16 yake, hancinsa a toshe, jininsa na zuba. Shekara huɗu ko biyar na jira a wannan hali ido ko kunne ake sakawa a caca.

Sauran masu karatu kuma, kada kowa ya firgita. Haɓon yara mafi yawa daga bakin hanci yake, iskar hunturu ta busar da wurin, yatsa ya ƙarasa, ya tsaya da matsewa, ɗan man shafawa ya hana shi dawowa. Wanda nake so a kai wa likitan hanci shi ne na saurayi, ta hanci guda kullum, mai yawa, tare da toshewar da ba ta jin magani, ko raguwar ji a kunnen wannan gefen.

Abu na ƙarshe, Malam, ka zaunar da yaron ka yi masa bayani da kanka. Mai shekara 16 yana jin duk abin da ake raɗawa a tsakar gida, kuma in ba a gaya masa ba zai ɗauka kansa ce ake ɓoye masa. Ka ce masa ba ita ba ce, ka gaya masa aiki biyu ne a jere, na cinya yau, na hanci gobe ko jibi. Gonar kuwa kada ka kira dillali sai takardar lissafin ayyukan biyu ta zo hannunka, da ranakunsu a rubuce.